Haruffa a Kwamfuta, Numfashi a Baki: Koyon Kiɗan Ayilan da Harmonika

Harmonika ƙaramin abin busa ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Wadda aka fi sani tana da ramuka goma, kuma a bayan kowane rami akwai siraran harsunan ƙarfe biyu: ɗaya yana kaɗawa idan aka hura iska, ɗayan kuma idan aka zuƙa. A Jamus sana'ar ƙera ta ta bunƙasa. Matthias Hohner ya kafa masana'antarsa a garin Trossingen a 1857, daga nan ta bazu ko'ina, don ga arha ga shiga aljihu. Matuƙan jirgin ruwa sun ɗauke ta, sojoji sun ɗauke ta, leburori ma haka. Sai dai yawancin masu sayen ta ba su da malami a kusa, kuma wannan ne ya sa a yau mutane da yawa ke komawa ga manhajojin rubuta kiɗa, suna neman kwamfuta ko waya ta zame musu malamin. Shin hakan na yiwuwa?

Babu inda wannan tambaya ta fi zafi kamar a kiɗan gargajiya na ƙasar Ayilan. Kiɗa ne na rawa, mai dubban karuruwa, kowane kari da sunansa, wanda aka saba ɗauka daga bakin na gaba ko yatsunsa, a ɗakin girki ko a dandalin rawa. Kuma yana cikin kaɗe-kaɗen gargajiyar da aka fi zubawa a kwamfuta. Don haka duk amfanin manhaja da duk illarta sun fito fili a can.

Gardamar ta girmi manhajojin nan da kusan ƙarni guda. Francis O'Neill, wanda aka haifa a yankin Cork a 1848, ya yi aikin jirgin ruwa, ya yada zango a Shikago ta Amurka, ya shiga aikin ɗan sanda har ya shugabanci 'yan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905. Mabushin sarewa ne mai kaifin hadda, amma rubuta kiɗa ba fanninsa ba ne. Sai ya haɗa kai da wani sajan, James O'Neill, mai goge irin na Turawa wanda ya yi karatun kiɗa: wannan ya busa, wancan ya rubuta. A 1903 suka fitar da littafi mai karuruwa 1,850, a 1907 kuma wani mai 1,001 na rawa zalla. Makaɗan Ayilan sun riƙe na biyun har suka daina kiran sunansa, sai dai su ce "Littafin". Ya ceci karuruwa masu yawa da da sun bi masu su kabari. Amma tun a lokacin an lura cewa abin da ke takarda ba ko da yaushe yake daidai da abin da ke fita daga goge ba. Marubucin ya zo da kunnen makaranta, wani wurin ya daidaita sautin da ya ɗauka karkatacce ne alhali haka mutanen karkara ke kaɗa shi. A 1976 Miles Krassen ya sake fitar da aikin da gyare-gyare don ya yi kusa da yadda ake kaɗawa a zahiri, sai wasu suka ce shi ma ya yi shisshigi. Wato ko a hannun ɗan Adam, rubutu zaɓi ne: wani ne ya ji, ya yanke hukunci, ya ajiye sura ɗaya cikin surori da yawa.

Abin da ya kawo wannan taska cikin kwamfuta wata dabara ce mai sauƙi da ake kira ABC. Wani Bature ɗan Ingila, Chris Walshaw, shi ya ƙirƙiro ta. Ya fara ne da rubuta karuruwa da haruffa don tuni lokacin da yake yawo a Turai, sannan a 1993 ya fitar da manhajar da ke juya haruffan zuwa rubutun kiɗa na layuka biyar. Tsarin ba shi da wuya. Sautuka bakwai na tsanin kiɗa suna da haruffa daga A zuwa G. Babban baƙi na nufin hawan ƙasa, ƙarami hawan sama. Lamba a bayan harafi na ninka tsawonsa. A saman shafi kuma akwai 'yan layuka: T don sunan kari, M don awon bugunsa, L don tsawon sauti na asali, K don mazauninsa, wato sautin da karin ke komawa ya huta a kansa. Shi ke nan. Kari guda bai fi gajeren saƙon waya ba, ana iya tura shi ta WhatsApp, kuma duk wanda ke da manhaja irin EasyABC zai ga an zana masa shi, a kaɗa masa shi, a sassauta gudu ko a ɗaga mazauni da danna maɓalli ɗaya.

Akwai manyan manhajoji kuma. MuseScore, wadda Werner Schweer ya fara a 2002, kyauta ce, kuma ta ishi duk mai koyon kiɗan gargajiya har ta yi yawa. Sibelius ta kuɗi ce, ta masu tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa. Finale kuwa, wadda ta yi sarauta sama da shekara talatin, kamfaninta ya daina sayar da ita a 2024, masu ajiya a cikinta suka shiga neman hanyar kwashe kayansu. Wannan kaɗai ya isa ya sa na fi son ABC ga mai tara karuruwa: haruffa ne tsagwaronsu, ko manhaja ta mutu idonka zai karanta su. Sannan ga Tunepal, wadda Bryan Duggan ya ƙera a Dublin. Ita saurare take: ka busa mata 'yan daƙiƙu, ta juya abin da ta ji zuwa haruffa, ta laluba cikin dubban karuruwa ta gaya maka sunan wanda kake nema. Ga wanda ya tsinci kari a faifai babu suna, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Har zuwa nan mai goge da mai sarewa da mai harmonika duk ribarsu ɗaya. Inda suke rabuwa shi ne a jikin abin busar.

An jera sautukan harmonika mai rami goma bisa wani tsari da ake jingina wa wani mai suna Richter. Wanda ya tsara shi yana son a hura ramukan ƙasa tare su ba da amo mai daɗi na rakiya, a busa karin a tsakiya. Don haka cikakken tsani yana tsakanin rami na 4 da na 7 ne kawai. A hawan ƙasa an bar giɓi biyu, a na sama giɓi ɗaya, kuma akwai sautin da aka maimaita: zuƙar rami na 2 da hurar rami na 3 abu ɗaya suke bayarwa. Masu kiɗan bulus na Amurka sun mayar da wannan giɓi ado, suna lanƙwasa sauti da harshe da maƙogwaro har ya sauko inda babu shi. Kiɗan bulus yana da sarari da jan numfashi. Kiɗan rawar Ayilan ba shi da wannan haƙuri. A karin da ake kira ril, idan ana kaɗa wa masu rawa, sauti bakwai ko fiye ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Lanƙwasa sauti ya tsaya daidai a wannan gudu aiki ne na gwanaye, kuma ko su ba kullum yake fita tsaf ba.

Ɗauki harmonika mai mazaunin G. Yawancin karuruwan Ayilan suna yawo ne tsakanin D na ƙasa da B na sama, iyakar da sarewarsu ke kaiwa cikin sauƙi. A wannan harmonika, D ɗin yana zuƙar rami na 2, B ɗin yana hurar rami na 8, kuma duk matakan tsakani suna nan, ban da guda: E na ƙasa. Shi kuwa E ɗin nan karuruwa ba sa rabuwa da shi. Brendan Power, ɗan Niyu Zilan wanda faifansa na 1994, New Irish Harmonica, ya buɗe wa mutane da yawa ido, shi ya yaɗa maganin: a kankare harshen hurar rami na 3 a ɗaga shi mataki guda, maimaitaccen D ya zama E. Ya raɗa wa tsarin suna Paddy Richter, kuma yanzu kamfanoni irin Seydel suna ƙera shi kai tsaye. Harshe ɗaya tak cikin ashirin aka taɓa, ɗaruruwan karuruwa suka buɗe.

A nan manhaja ke yin aikin da babu mai yi wa ɗan koyo shi da sauri haka. Kafin ka ɓata mako kana kokawa da kari, kana iya dubawa ka ga sautinsa mafi ƙasa da mafi sama, ka ga ko ya taka giɓi. Tana kuma warware wani ruɗani da ke kama kusan kowa. Ɗan koyo yakan ga an rubuta cewa kari yana mazaunin A ko D, ya ɗauka sai ya nemo harmonika mai wannan harafi. Ba haka ba ne. Karuruwa da yawa na Ayilan suna hutawa a kan A ko D ko E alhali da sautukan tsanin G aka gina su. Abin dubawa shi ne alamun ɗagawa da ke farkon layi: idan guda ce, harmonikar G, idan biyu ne, ta D. Da waɗannan biyu a aljihu mutum ya rufe mafi yawan abin da za a kaɗa a zama guda. Manhaja na nuna wannan a kallo ɗaya, kuma idan kari ya yi ƙasa ko sama da yawa tana iya matsar da shi duka.

Sai kuma lambobin ramuka. Masu harmonika suna da nasu rubutun: 4 na nufin hura rami na huɗu, -4 na nufin zuƙa shi. Akwai ƙananan manhajojin da ake liƙa wa MuseScore su jera waɗannan lambobi a ƙarƙashin kowane sauti. Ga wanda bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba, abin kamar tsafi: yau ka sayi harmonika, gobe kana fitar da kari. Ban raina wannan ba, don mutane da yawa da sun ajiye abin busar a mako na farko in ba don shi ba. Amma lambobin ba sa faɗin tsawon sauti, kuma manhajar ba ta san irin harmonikar da ke hannunka ba sai ka gaya mata. Ka bar ta a kan tsarin Richter na asali alhali taka Paddy ce, sai ta tura ka lanƙwasa abin da ke zaune a rami na 3. Mafi muni, wanda ya daɗe a kan lambobi yakan haddace jerin umarni ne, ba kari ba. Ka ce ya rera shi da baki, sai ya yi shiru.

Inda gizo ke saƙa shi ne numfashi. Mai sarewa hura kawai yake, damuwarsa ita ce inda zai saci iska. Mai harmonika yana busa da shiga da fitar numfashi duka, kuma karin ne ke yanke masa wanne zai yi a kowane sauti, ba huhunsa ba. Abin mamaki, matsalarsa yawanci ba ƙarewar iska ba ce, cikarta ce. A harmonikar G, sautukan A da C da E na tsakiya duk zuƙa ne, a ramuka na 4, 5 da 6. Karin da ke hutawa a kan A zai yi ta zagaya waɗannan ukun, mai busa ya yi ta zuƙa har ƙirjinsa ya cika fal, sauti ya fara shaƙewa. Gwanaye suna sakin iska ta hanci a duk ɗan sautin hura da ya gifta, ko su yar da wani sauti marar nauyi su huce a gurbinsa. Sannan a rami na 7 tsarin yana juyewa: daga ƙasa har na 6 zuƙa ce ke sama da hura, daga na 7 kuwa hura ce ke sama. Duk ɗan koyo yana tuntuɓe a nan. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke bayyana a layuka biyar. Kwamfuta ba ta da huhu. Za ta kaɗa maka zuƙa goma sha biyu a jere hankalinta kwance, ta bar ka kana zargin kanka.

Illar da ta fi wannan ɓoyuwa ita ce muryar manhajar kanta. Ana rubuta ril da sautuka takwas masu tsawo ɗaya a kowane gida, karin da ake kira jig kuma da shida, uku-uku. Babu makaɗin Ayilan da ke kaɗa su daidai wa daida. A jig, na farkon ukun yakan ɗan fi tsawo, na tsakiya ya gajarce. A ril ana ɗan jingina kan wasu a ɗaga wasu, kuma yawan jinginar ya bambanta daga yankin Clare zuwa Sligo zuwa Donegal, har daga mutum zuwa mutum. Wannan ɗan rangaji shi ke ɗaga ƙafar mai rawa. Masu rubutawa sun san da shi, ba sa rubuta shi ne don sun ɗauka mai karantawa ya riga ya sha shi a kunne. Mu Hausawa mun san irin wannan rubutu, don da shi muke aiki kullum: bokonmu ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna dogon wasali da gajere, amma ɗan gida yana karantawa daidai saboda harshen na bakinsa tun kafin ya ga takarda. Baƙon da ya koya daga takarda kaɗai kuwa, kowane harafi zai furta, amma da ya buɗe baki an san ba a cikin mutane ya koya ba. Manhaja irin wannan baƙon ce. Wasu manhajojin suna da wurin ƙara rangaji da lissafi, kashi kaza cikin ɗari, sai dai rangajin da ba ya canzawa daga farko har ƙarshe shi ma wani taurin ne. Wanda ya saurari kari sau ɗari daga kwamfuta kafin ya ji shi daga mutum ya riga ya haddace taurin, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya.

Haka batun kwalliya yake. A ABC ana ɗora wata 'yar lanƙwasasshiyar alama a kan harafi don nuna adon da ake kira rol, inda ake yanka dogon sauti da ɗan taɓi daga sama da wani daga ƙasa. Yatsun mai goge da mai sarewa ne suka haifi wannan ado. A harmonika maƙwabcin sauti yakan kasance a ɗaya ɓangaren numfashi, don haka kwaikwayonsa harafi da harafi yakan fito a daddatse. Masu harmonika sun nemi nasu hanyoyin: fizgar muƙamuƙi zuwa ramin kusa a dawo, ko karya sauti gida uku da harshe. Iyalan Murphy na yankin Wexford, Phil da 'ya'yansa John da Pip, sun yi suna da harmonika mai harsuna biyu-biyu da ke ba da amo mai rawa, suna haɗa kari da rakiya a baki ɗaya. Eddie Clarke kuma ya yi amfani da mai maɓalli a gefe, yana danne maɓallin yana sakinsa don fitar da ado. Hanyoyi daban, kayan busa daban, jerin ramuka daban, alhali a takarda alamar guda ce. Har tsayin sautin ma akwai magana: tsofaffin masu goge sukan ajiye C ko F a tsakanin matakai biyu na fiyano, wurin da manhaja ba ta saba sauka ba.

Saboda haka ne wasu 'yan gargajiya ke cewa a rufe kwamfuta baki ɗaya, kunne kaɗai. Ina fahimtar su, kuma a zaman kiɗa na Ayilan har yau ba a saba ganin mai buɗe takarda ba. Amma maganarsu ta fi sauƙi ga wanda ya tashi a inda ake kiɗan kowane mako. Kuma kunne ma yana da nasa tarihin baje bambanci. Faya-fayan da mai goge Michael Coleman, ɗan Sligo, ya naɗa a Niyok daga shekarun 1920 sun koma gida suka mamaye ko'ina, matasa suka bar salon ƙauyukansu suka bi nasa. Ba takarda ce ta yi wannan ba, garmaho ne. Duk abin da ya daskarar da kari a sura ɗaya yana iya haifar da haka, ko rubutu ne ko naɗi. A ganina abin tambaya shi ne wanne ya fara shiga kan ɗan koyo, kuma sura nawa ya ji.

Tsarin da na fi yarda da shi yana farawa da mutum. A nemi naɗin makaɗi na gaske; Taskar Kiɗan Gargajiya ta Ayilan da aka kafa a Dublin a 1987 ta saki naɗe-naɗe masu yawa kyauta a intanet. A saurara har a iya rera karin da baki ba tare da harmonika ba. Inda ya yi sauri, a sassauta naɗin da manhaja irin Audacity, wadda ke rage gudu ba tare da sauke murya ba, don a nan rangajin ɗan Adam yana nan ko an ja shi. Sai bayan haka a buɗe rubutun, a duba wace harmonika ta dace, a warware gidaje biyu ko uku da kunne ya kasa kamawa, a kuma rage muryar kwamfutar ko a kashe ta. Wanda ya ɗan yi nisa ya gwada rubuta karin da kansa a ABC daga abin da ya ji, sannan ya sa manhaja ta kaɗa masa. A nan taurinta ya zama alheri: ba ta rufa wa kowa asiri, duk inda kunnenka ya yi kuskure za ta maimaita maka shi ƙarara.

Akwai kuma wani amfani da ban cika ganin ana yi ba, alhali ya fi duk sauran dacewa da mai harmonika. Yawancin karuruwan nan kashi biyu ne, kowane kashi gida takwas, ana maimaita kowanne, a zagaya duka sau biyu ko uku, kuma gwani ba ya zagayawa iri ɗaya. A samo surori uku na kari guda, misali ta littafin O'Neill, da ta wani mai goge, da ta wani mai sarewa, a jera su layi bisa layi a MuseScore. Nan take ido zai ga abin da kunne ke ɗaukar shekaru kafin ya gane: akwai sautukan da duka ukun suka yi tarayya a kansu, yawanci waɗanda bugu ke sauka a kai, akwai kuma na tsakani da kowa ya bi ta inda ya ga dama. Na farkon su ne karin, ba a taɓa su. Na biyun fili ne. Idan giɓin harmonika ya faɗo a cikin filin, babu dalilin wahalar lanƙwasa. A ɗauki hanyar da mai sarewa ya bi, ko a riƙe sautin baya ya ɗan daɗe. Idan zuƙa ta yi yawa a jere, a duba ko ɗaya daga cikin surorin ta sa sautin hura a wurin, a ara, a saki iska a nan. Sai a rubuta layi na huɗu a ƙasa, na harmonika, da alamar duk inda za a huce.